Wiwi a Amurka: jiha ta ba da lasisi, tarayya ta ce laifi ne

Wani ɗan'uwa ya aiko min da tambaya, ga ta a taƙaice: yana jin ana cewa an halatta tabar wiwi a Amurka, har likita kan rubuta wa marar lafiya ita, sai kuma ga labarin an kama wani da ita a can ɗin. Wanne ne gaskiya? In kuma da gaske a kanti ake sayar da ita, wa ke sa ido, ko kowa gaban kansa yake ci?

Malam, duka labaran biyu gaskiya ne, kuma suna iya faruwa a gari ɗaya, a rana ɗaya. Halattawar da muke magana a kai ta dokar ƙasa ce. Hukuncin abin da ke sa maye a addini sananne ne, ba kuma shi ka tambaye ni ba. Ni aikina duba takardun lasisi da bin ƙa'ida na sana'o'in da hukuma ke sa wa ido, don haka ta wannan ƙofar zan shigo maka.

Doka a Amurka hawa biyu ce. A 1970 majalisar tarayya ta kasa miyagun ƙwayoyi aji biyar, ta jefa wiwi a aji na farko tare da hodar hiroyin, wato ajin abubuwan da aka ce ba su da amfani a likitance kuma suna da saurin kama mutum. A 1996 masu zaɓe a Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'a kan ƙuduri mai lamba 215, suka cire hukunci daga kan marar lafiyar da likita ya ba shawarar ya yi amfani da ita. Nan aka fara cin karo. A 2002 'yan sandan ƙaramar hukuma da jami'an hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta tarayya, DEA, suka je gidan wata mata mai suna Diane Monson da ke fama da ciwon baya. 'Yan sandan suka duba suka ce a dokar jiha ba ta yi laifi ba. Jami'an tarayya kuwa suka lalata shukokinta guda shida. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2005 alƙalai shida cikin tara suka ce tarayya na da ikon hana wiwi ko da a bayan gidanka ka shuka, ko da jiharka ta yarje maka.

To ta yaya jihohi suka ci gaba bayan wannan hukunci? Saboda tsarin mulkinsu bai ba tarayya ikon tilasta wa jiha ta yi doka irin tata ba, bai kuma ba ta ikon aiken ɗan sandan jiha ya kama mata mutum ba. Mafi yawan kamen masu wiwi kuwa dama 'yan sandan jiha da na gari ke yin sa. In jiha ta janye hannunta, sai dai tarayya ta zo da nata jami'an, su kuma ba su da yawan da za su bi kowane lungu. A 2013 wani babban jami'in ma'aikatar shari'a, James Cole, ya fitar da takarda yana gaya wa masu gabatar da ƙara na tarayya su ƙyale jihohin da suka tsare abin da kyau: kada ya kai hannun yara, kada ya tsallaka iyakar jiha, kada kuɗin ya shiga aljihun gungun masu laifi. Ministan shari'a na lokacin, Jeff Sessions, ya soke takardar a Janairun 2018, amma a aikace ba a ga an bi kantuna ana rufewa ba. Ɓangaren magani ya fi samun kariya, don tun 2014 majalisa ke saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ya hana ma'aikatar shari'a kashe ko sisi wajen yi wa dokokin jihohi na wiwin magani katsalandan. Sharaɗin nan sai an yi ta sabunta shi. Ka ga kasuwar biliyoyin daloli ke nan zaune a kan kawar da kai.

Jihohin Kolorado da Washinton ne suka fara buɗe ƙofa ga shan nishaɗi, ta ƙuri'ar jama'a a Nuwamban 2012, kantunan Kolorado suka buɗe ranar 1 ga Janairun 2014. Ohayo ta zama jiha ta 24 a 2023. Masu dokar magani sun kusa 40. A Fulorida a 2024 kusan kashi 56 cikin 100 suka ce sun yarda, amma ƙudurin ya faɗi don can sai an kai kashi 60. Aidaho ko ta magani ba ta yarda ba, shi ya sa wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ontario, da ke jihar Oregon a bakin iyakarta da Aidaho, ya cika da kantuna, masu saye kuma yawanci daga tsallaken Aidaho suke tuƙowa, su koma gida da abin da zai iya kai su kurkuku. Ko cikin jihohin da suka yarda kowa da kiɗansa: Kalifoniya ta bar gida ɗaya ya shuka guda shida, Mishigan goma sha biyu, Washinton ba ta bar mai shan nishaɗi ya shuka ko ɗaya ba. Abin da suka haɗu a kai shi ne sai mai saye ya kai shekara 21.

Bari in kai ka cikin kanti guda, irin wanda aiki ya sha kai ni a Denba, babban birnin Kolorado. Ba za ka ga ganye ta taga ba. Kana shiga ɗan ƙaramin zaure ne, mai gadi ya karɓi katin shaidarka ya goga a na'ura, ko da furfura ta cika maka gemu, don hukuma kan turo matashin da bai kai shekaru ba ya gwada saye, in aka sayar masa lasisi na cikin haɗari. Sai a buɗe maka ƙofa ta biyu. Ciki kamar kantin sayar da waya: gilasai, fitilu, kyamara a kowace kusurwa. Mai sayarwa ya auna, ya zuba a robar da yaro ba zai iya buɗewa ba, ya manna takarda mai ɗauke da sunan gona, lambar rukunin girbi, ɗakin gwajin da ya duba, da yawan sinadarin THC, wato wanda ke sa mayen. Oza ɗaya, kusan giram 28, ita ce iyakar abin da za a sayar maka. Ba ka da damar buɗewa a kantin, ba ka da damar kunnawa a titi.

Sai biya. Nan ne baƙo ke mamaki, don a ƙasar da ko ruwan gora da kati ake saye, sai a ce maka ka kawo tsabar kuɗi, ga na'urar cirar kuɗi can a gefe. Dalili kuwa bankuna ƙarƙashin dokar tarayya suke, kuɗin wiwi a idon tarayya kuɗin haram ne, Visa da Mastercard ba su yarda a bi ta layinsu ba. Tun 2014 akwai ƙa'idar da ta ba banki damar buɗe wa irin waɗannan asusu in zai riƙa kai rahoto a kansu, wasu ƙananan bankuna da na haɗin gwiwa suna yi, suna kuma cajin kuɗi mai tsada saboda wahalar takardun. Majalisar wakilai ta sha amincewa da ƙudurin da zai warware wannan tun 2019, yana zuwa majalisar dattawa ya maƙale. Sakamakon shi ne kanti cike da tsabar kuɗi, 'yan fashi kuma sun san da haka.

Akwai wani abin da ya fi fashi cin masu kantin, kuma labarinsa da ban dariya. A 1981 wani dillalin ƙwayoyi a Miniyapolis ya je kotun haraji ya ce a cire masa kuɗin haya da na waya da na sikeli daga abin da za a yi masa haraji a kai, tunda kowane ɗan kasuwa ana cire masa. Kotu ta ba shi gaskiya. Majalisa ta fusata, a 1982 ta ƙara sashe na 280E a dokar haraji: duk mai cinikin ƙwayoyin aji na ɗaya ko na biyu ba a cire masa kuɗin gudanarwa. Bayan shekara talatin sai ga wannan sashe ya faɗa kan mai kanti da lasisin jiha rataye a bango. Albashin ma'aikata, haya, wuta, duk ba a cire masa, sai kuɗin sarin kayan kawai. Na ga lissafin da aka rufe shekara da asara amma ana bin sa harajin riba. Tarayya ta ce sana'arka laifi ce, amma kada ka makara wajen kawo kasonta.

A gona ne za ka ga ainihin abin da ake kira sa ido. Kowace shuka, da ta ɗan tasa, ana ɗaura mata alamar roba mai lamba da na'ura ke karantawa daga nesa, kamar zoben da ake sa wa dabba a kunne. Kolorado ce ta fara da wannan tsarin bin diddigi mai suna Metrc, jihohi da dama suka bi ta. An girbe, a auna ɗanye a shigar a kwamfuta. Ya bushe, a sake aunawa. Ko karmamin da za a zubar sai an auna, an niƙe, an cakuɗa da shara yadda ba zai moru ba. Motar da za ta kai kaya kanti tana tafe da takardar da ta nuna direba da hanya da lokacin isa. A Kalifoniya dole a ajiye hoton kyamara na kwana 90. Mai bincike zai iya shigowa ba sanarwa, ya ɗaga na'urarsa, in kwamfuta ta ce shuka 400 shi kuma ya ƙirga 396, to sai ka faɗi inda huɗu suka shiga.

Duk wannan wahalar don abu ɗaya ce: kada ganye ya fita daga jihar. Tsallaka iyakar jiha da shi laifin tarayya ne, ko da jihohin biyu duk sun halatta. Saboda haka kowace jiha tsibiri ce, abin da ta noma ita za ta shanye. Oregon, mai ƙasar noma da yanayi mai kyau, ta raba lasisi ba iyaka, zuwa 2019 hukumarta ta ce abin da ke ajiye zai ishe jihar sama da shekara shida. Farashi ya faɗi warwas. Manomin da ya rasa mai saye a gida, ga kuma wanda zai biya ninki a jihar da aka hana, ba sai na faɗa maka inda wasu kayan suka bi ba.

Gwaji ma yana da tasa ɓarakar. Doka ta ce a duba maganin ƙwari, fumfuna, dalma da sauran ƙarafa masu guba, a kuma auna ƙarfi. Amma ɗakunan gwajin na 'yan kasuwa ne, kuma manomi ke zaɓar wanda zai kai wa, shi ke biya. Masu saye suna bin lamba mai girma, don haka ɗakin da ke rubuta kashi 30 ya fi wanda ke rubuta 22 samun ciniki, ko da ganyen ɗaya ne. An rufe ɗakunan gwaji a jihohi daban-daban kan wannan. A ganina jihar da ba ta da ɗakin gwaji nata na kanta, da za ta riƙa sayen kaya daga kanti a ɓoye tana sake aunawa, takardar da ke jikin roba ado ce kawai.

Dokokin kayan ci kuwa da rai aka saye su. A Maris 2014, cikin wata na uku da buɗe kasuwa, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya zo Denba hutu da abokansa. Aka sayo biskit guda mai miligiram 65 na THC, mai kanti ya ce a raba shi shida. Ya ci kashi ɗaya, ya jira bai ji komai ba, ya cinye sauran. Hayaƙi cikin mintuna yake kama mutum, abin da aka ci kuwa yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu, sannan ya zo da ƙarfi. Bayan 'yan awoyi hankalinsa ya gushe, ya faɗo daga hawa na huɗu na otal ya mutu. Daga nan Kolorado ta tsaurara: kowane kaso na miligiram 10 a tsaga shi yadda ido zai gani, a buga tambarin gargaɗi a jikin alawar kanta, aka kuma hana yin ta da siffar dabba ko mutum ko 'ya'yan itace. Duk da haka asibitoci na ci gaba da karɓar ƙananan yaran da suka tsinci alawar iyayensu a aljihun tebur.

Yanzu ga inda jihohi suka fi bambanta, inda kuma ake gane wadda ta iya. Dillalin bayan fage bai mutu ranar da aka buɗe kanti ba. Ba ya biyan haraji, ba ya biyan gwaji, ba ya tambayar katin shaida. Washinton na karɓar kashi 37 cikin 100 a kan kowane ciniki. Kolorado na karɓar 15 a sari da 15 a kiri, kuma tun farko aka ware dala miliyan 40 na farko na harajin sari don gina makarantu, abin da ya taimaka wajen shawo kan masu zaɓe. Ilinoi ta ɗaura harajin da ƙarfin kaya: kashi 10 ga ganye, 20 ga kayan ci, 25 ga abin da THC ɗinsa ya haura kashi 35, wanda a wurina ya fi sauran ma'ana. Kalifoniya ta haɗa haraji mai nauyi da ba kowane gari ikon hana kanti, fiye da rabin garuruwa da ƙananan hukumominta suka hana, sai mutanen wuraren suka ci gaba da kiran tsohon dillalinsu. Niu Yok ta halatta a Maris 2021 da kyakkyawar niyya, ta ce lasisin farko na waɗanda aka taɓa hukuntawa kan wiwi ne, tunda an daɗe ana kama baƙaƙen fata ninki uku zuwa huɗu na farare alhali shan kusan ɗaya ne. Amma kantin farko bai buɗe ba sai ƙarshen Disamban 2022, ƙararraki a kotu suka ƙara jan abin, kafin nan kantuna marasa lasisi sama da dubu sun cika birnin, sai a 2024 aka shiga bi ana garƙame su.

Oklahoma ta yi akasin haka, kuma ita ce za ta kai mu ga batun magani. A 2018 wannan jiha ta masu ra'ayin riƙau ta amince da wiwin magani ba tare da jerin cututtuka ba: duk abin da likita ya sa wa hannu ya wadatar. Lasisin kasuwanci dala 2,500, babu iyakar adadi. Cikin 'yan shekaru kusan mutum ɗaya cikin goma na da katin marar lafiya, kantuna sun haura 2,000 a jiha mai mutum miliyan huɗu, fiye da na Kalifoniya mai ninkinta kusan goma. Binciken da hukumar jihar ta sa aka yi a 2023 ya ce ana noma ninki 32 na abin da masu katin ke buƙata. Aka dakatar da sababbin lasisi a 2022, da aka tambayi jama'a a Maris 2023 ko a buɗe na nishaɗi, sama da kashi 60 suka ce a'a.

Kan maganar likita na rubutawa, akwai gyara. Likita ba ya rubuta wiwi a takardar magani yadda zai rubuta maka maganin hawan jini, don lasisin rubuta irin waɗannan magunguna na tarayya ne. Shaida kawai yake bayarwa cewa kana da cutar da doka ta lissafa, ko a ganinsa za ta amfane ka, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya kuma ta ce a 2002 ba za a hukunta shi kan faɗin ra'ayinsa ga majinyaci ba. Da shaidar kake karɓar kati daga jiha. Nawa za ka sha, wane iri, sau nawa a rana, a yawancin jihohi wannan tsakaninka ne da yaron kanti. Ribar katin ita ce rangwamen haraji, damar sayen mai yawa, da samun shiga tun daga shekara 18.

Ba ina cewa babu magani a cikin ganyen ba ne. Hukumar abinci da magunguna, FDA, ta amince da maganin Marinol tun 1985 don tashin zuciyar masu karɓar maganin sankara, a 2018 kuma ta amince da Epidiolex, wanda aka tace daga sinadarin CBD marar sa maye, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani. Babban rahoton cibiyar masana kimiyya ta ƙasar na 2017 ya sami hujja mai ƙarfi a kan ciwo mai daɗewa ga manya, da wannan tashin zuciyar, da sandarewar jijiyoyi a wata cutar laka. Rahoton nan dai ya sami hujja mai ƙarfi cewa shan na da alaƙa da taɓin hankali, musamman ga masu yawan sha, da kuma haɗarin mota. Jerin cututtukan da 'yan majalisar jihohi ke rubutawa ya fi jerin masana tsawo nesa ba kusa ba. Ganyen ma ba na da ba ne: a farkon shekarun 1990 bai kai kashi 4 na THC ba, yanzu 20 abu ne na yau da kullum a kanti, tataccen mai kuwa yana kai 80 ko 90. Jihohin Bamont da Konetikat sun sa iyaka, da farko 30 ga ganye, 60 ga tatacce. Yawancin jihohi ba su sa ba, kuma nan ne nake ganin sun fi yin sakaci, don ƙwaƙwalwar ɗan shekara 21 ba ta gama nuna ba.

Tuƙi ma bai warwaru ba. Washinton da Kolorado sun ɗauki nanogiram 5 na THC a mililitar jini a matsayin ma'auni, amma THC ba ya tafiya da maye kafaɗa da kafaɗa yadda barasa ke yi, mai sha kullum zai iya haura ma'aunin yana garau. A ɓangaren tarayya, a Mayun 2024 ma'aikatar shari'a ta gabatar da shirin mayar da wiwi aji na uku, a Disamban 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin gaggauta hakan. Aji na uku na sauke nauyin 280E, yana sauƙaƙa bincike, amma ba ya mayar da kantin nishaɗi halal a idon tarayya.

In kana tunanin ko wata jiha a Najeriya za ta iya irin wannan, tsarin ba ɗaya ba ne. Marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo ya yi ta kiran a bari a noma ta don magani, amma kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙwayoyi da guba a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, NDLEA kuma ta tarayya ce. Abin da 'yan shaye-shaye ke kira Kolorado a titunanmu, suna kawai ya ara, babu lambar gona ko takardar gwaji a jikinsa.

Shi kuwa wanda ka ji an kama, ɗayan waɗannan ne: ya wuce adadi, ko bai kai shekaru ba, ko ya sayar ba lasisi, ko ya tsallaka iyaka, ko ya shiga da ita wurin da ke hannun tarayya kamar gandun daji na ƙasa da barikin soja. Ga 'yan'uwanmu da ke zaune can kuma abin ya fi tsanani, don shige da fice na tarayya ne zalla. A Afrilun 2019 hukumar da ke ba da takardar zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa shan wiwi ko aiki a kamfaninta na iya hana mutum takardar, ko da a jihar da ta halatta, ko da ba a taɓa gurfanar da shi ba. Mai biza da ya amsa wa jami'in filin jirgi cewa ya taɓa sha, ana iya juya shi daga nan. Direban babbar mota ma gwajin fitsarinsa na ma'aikatar sufuri ta tarayya ne, in ya nuna THC an sauke shi daga tuƙi, katin marar lafiya na jiha ba ya cikin uzurin da suke karɓa.